Wai da gaske fangas na cinye baƙin mai da leda, ko kuwa zuƙi-ta-malle ce?

'Yar Maikuro:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa na wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin nazarin ƙananan halittu, kuma malamin da ke duba aikina ya amince da taken da na kai masa: a ɗebo ƙasa daga garejin kanikawa inda baƙin mai ya jiƙa ta, a tsamo funfuna da yis ɗin da ke rayuwa a ciki (su da naman kaza duk dangin fangas ne), a gwada ko za su iya narkar da man. Damuwata ita ce, ayyukan waɗanda suka gabace ni da na karanta kusan duk bakinsu ɗaya. An samu funfunar Aspergillus niger, an samu ta Penicillium, mai ya ragu da kashi kaza cikin ɗari a kwalba, sai a rufe da ba gwamnati shawara. To in abin na aiki haka, me ya sa har yau ban taɓa ganin gareji ko ɗaya da aka gyara da shi ba? Ba na so in sha wahala in ƙare da kundin da ƙura za ta rufe a kan kanta. Masu sanin abin ku taimaka.

Oga Kanike:
Wa'alaikumussalam. Hajiya ƙarama, in dai baƙar ƙasa kike nema, zo ki kwashe ta garejinmu kaf, har kuɗin mota zan ba ki. Ko ciyawa ba ta fitowa a wurin. Da damina in ruwa ya sauka sai ka ga kwata na ƙyalli launi-launi har bakin titi. Amma ni fa ban yarda akwai mai ran da zai ci wannan abin ya kwana lafiya ba.

Mai Madubi:
Akwai, Oga, kuma ba yau aka san su ba. Masu kula da jiragen sama sun daɗe suna fama da wata funfuna, Hormoconis resinae, wadda ke zama a cikin tankin man jirgi, daidai inda ɗan ruwan da ya kwanta a ƙasan tanki ya haɗu da mai. Tana cin man, tana toshe matata, tana zaizayar jikin tankin. Haka nan a shekarun 1960 zuwa 1970 kamfanin BP ya yi noman yis a kan wani ɓangare na man fetur a Lavera ta Faransa da Grangemouth ta Sikotlan, yana busar da shi ya zama abincin dabbobi. Yis ɗin da ya yi suna a wannan aikin shi ne wanda ake kira Yarrowia lipolytica yanzu. Tashin farashin mai bayan 1973 da ɗari-ɗarin jama'a su suka kashe kasuwar. Saboda haka maganar suna ci ko ba sa ci, an wuce wurin.

Amma ɗiyata, waɗanda ya kamata ki fi sa wa ido su ne fangas masu ruɓar da itace. Ki nemi gungumen da ya kwana biyu a inuwa da damina, ki ɓare ɓawonsa. Za ki ga farin zare ya bi jikinsa, cikin itacen ya yi fari, ya yi taushi, yana tsagewa zare-zare a hannu. Abin da ya faru shi ne an cinye liginin, wato sinadarin da ke ba itace tauri da duhun launi. Ginin liginin a hargitse yake, ba shi da tsari guda da ke maimaita kansa, don haka inzayim (sinadarin da halitta ke farfasa abincinta da shi) mai aiki a kan siffa ɗaya tak ba zai iya da shi ba. Su waɗannan fangas sai suke zubo inzayim ɗinsu waje, irin su lakes da faroksides, waɗanda ke fizge ilektiron daga duk abin da suka tarar mai kama da liginin, ba su tsaya zaɓe. Shi kuwa dafin da ke cikin baƙin mai da wasu magungunan ƙwari da rini na zamani, zobban kabon ɗinsa sun yi kama da na liginin.

A 1983 Ming Tien da Kent Kirk, a Madison ta jihar Wisconsin, suka gano ɗaya daga cikin waɗannan inzayim a jikin Phanerochaete chrysosporium. A 1985 John Bumpus da Steven Aust da abokan aikinsu a Michigan suka nuna cewa wannan fangas ɗin na iya farfasa maganin ƙwari na DDT da wasu dangogin guba masu taurin kai, har wani kaso ya koma iskar kabon. Daga nan ne fannin ya kankama. Wani fifikon da fangas ke da shi a kan bakteriya shi ne zarensa na ratsa ƙasa, yana tsallake ramukan iska ya kai inda abincin yake. Ita bakteriya sai da lemar ruwa take motsawa.

Oga Kanike:
Ikon Allah. Ashe har man jirgi ma bai tsira ba.

Injiniyan Ruwa:
Malam, Allah ya ƙara sani, amma ka tsaya a inda labarin ke da daɗi. Daga 1985 zuwa yau shekara nawa ke nan? Tambayar yarinyar nan tana nan daram: ina filayen da aka gyara?

Bari in ba da misalin da kowa ke yawo da shi a bidiyo. Paul Stamets, Ba'amurken nan mai tallar naman kaza, ya yi suna da labarin tulin ƙasar da man dizal ya ɓata a jihar Washington, wadda aka shuka wa irin naman kazan Pleurotus ostreatus ta fito da manyan naman kaza, tsuntsaye suka zo, ciyawa ta tsiro. Hoton na da kyau. Amma rahoton da masu bincike na cibiyar Battelle suka rubuta wa hukumar sufurin jihar a 1998 ya ce sakamakon bai isa a bambance wace hanya ta fi wata ba, saboda gurɓatar ba ɗaya take ba a ko'ina cikin tulin, kuma babu hanyar da ta kai mizanin da aka gindaya a lokacin gwajin. Wannan ɓangaren ba ya shiga bidiyo.

Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. A kwalba kin dafa komai kin kashe duk wani mai rai, fangas ɗinki shi kaɗai ne, ana jijjiga shi, zafi daidai, abinci daidai. A fili kuwa akwai bakteriya da funfunar da suka riga shi zama a wurin, ba za su ba baƙo masauki ba. Shi gidansa itace ne, ba ƙasa ba. Tsohon mai ya riga ya manne a jikin laka da yumɓu, inzayim bai kai gare shi. Ga rana. Pleurotus ostreatus ya fi jin daɗi a wajen digiri 25 zuwa 28, ki kwatanta da Kano a watan Afrilu.

Ga kuma zurfi. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu mai ya nutse har mita 5 a wasu wurare, ya kuma ce hanyar da ake bi ta kaftar saman ƙasa a bar ƙananan halittu su yi aiki ba ta wadatar ba. A Nisisioken Ogale benzin, wani sinadari mai guba na cikin mai, da ke ruwan rijiya ya ninka mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Wane naman kaza ne zai sauka can ba iska?

Mai Madubi:
Injiniya, ban musa ko ɗaya ba, sai dai Ogoni ba garejin Oga Kanike ba ne. A gareji yawancin man na can sama-sama, ana iya kwashe ƙasar da shebur a tara ta a inuwa, a gauraya da garin katako ko ɓuntun shinkafa, a riƙa yayyafa ruwa. A irin wannan tulin kai ne ke da iko da lema da iska. Kuma zancen zafi, shi Phanerochaete ɗin da na ambata ya fi bunƙasa a wajen digiri 37 zuwa 40. Ba duka ne 'yan sanyi ba.

Injiniyan Ruwa:
To a nan ma, in ka zuba kashin kaji kawai ka riƙa juya tulin, bakteriyar wurin za su ci kaso mai yawa na man ba tare da ka kawo baƙon fangas ba. Sai an nuna min ya fi wannan kafin in yarda ya cancanci kuɗinsa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri in ɗan karkatar da zancen. Mu nan abin da ya dame mu leda ce. Gona ta cika da baƙar leda, akuya ta ci ta kumbura, mahauta su yanka saniya su ciro dunƙulen leda daga tumbi. An yi dokar hana ta a Nijar tun 2014 amma tana nan a kowace kasuwa. Na ga ana ta turo saƙo a WhatsApp wai an gano naman kaza mai cinye leda cikin makonni. In gaskiya ne, ina ake samun irinsa?

Baƙon Turai:
Ɗan uwa, saƙon yana da tushe, amma an yi masa ƙari a hanya. Ina karatu a ɗakin gwajin da maƙwabtanmu ke irin wannan aiki, bari in warware.

A 2011 ɗaliban Jami'ar Yale suka wallafa cewa wani fangas da suka samo a cikin tsirran dajin Ekwado, Pestalotiopsis microspora, na iya rayuwa a kan foliyuretan, har ma inda babu iskar oksijin. A 2017 Sehroon Khan da abokan aikinsa suka ba da rahoton Aspergillus tubingensis da suka tsamo daga wani juji a Islamabad, shi ma foliyuretan yake huda. Foliyuretan shi ne dangin soson katifa da wasu tafin takalma. A jikin sarƙarsa akwai gaɓoɓin da inzayim zai kama ya yanke.

Ledar kasuwa da ta fiya wata kuwa foli'etilin ce. Ita sarƙar kabon ce zalla, doguwa, ba gaɓa, ruwa ma ba ya kama ta. A 2024 masu bincike a cibiyar nazarin teku ta Holan suka nuna cewa wani fangas na teku, Parengyodontium album, na mayar da foli'etilin iskar kabon, amma sai rana ta fara gasa ledar tukuna, kuma saurin bai wuce kusan kashi 0.05 cikin ɗari a yini ba. Yi lissafi da kanka: ko da saurin bai ragu ba, ana maganar fiye da shekara biyar kafin ɗan ƙyallen da ke kwalba ya ƙare.

Inda aka yi nisa da gaske shi ne robar gorar ruwa, wato PET. An gano bakteriyar da ke cin ta a Sakai ta Japan, aka sanar a 2016, sannan kamfanin Carbios na Faransa ya gyara wani inzayim da a 2020 ya narkar da kashi 90 cikin ɗari cikin awa 10. Amma a cikin tankin masana'anta ne, da zafi, bayan an niƙa robar. Ba abu ba ne da za a watsa a gona.

Wani abin lura kuma, in ka ga leda ta dagargaje bayan an binne ta da funfuna, ba lallai an cinye ta ba. Sau da yawa farfashewa ta yi ta koma ƙanana, ta shige ƙasa da ruwa inda ba mai iya tsince ta.

Ɗan Maraɗi:
Ashe dai sai mu ci gaba da tsinta. Na gode.

Hajiya Mai Fanke:
Ni fa kalmar yis ce ta tsayar da ni. Wai wannan dai da nake jiƙawa da ruwan ɗumi da sukari in kwaɓa fanke? Shi ma yana cikin masu gyaran muhallin? To Allah ya sa kar 'yan boko su sa ya ƙara tsada, don yanzu ma da ƙyar muke saye.

Mai Madubi:
Shi ɗin ne, Hajiya, Saccharomyces cerevisiae. Kuma ba ƙaramin bawan Allah ba ne a wurinmu. Ƙwayarsa guda ɗaya ce tak, amma tsarin cikinta irin na ƙwayar jikin mutum ne, da cibiya da komai, shi ya sa ake koyon abubuwa da yawa a kansa. A 1996 aka gama karanta kundin halittarsa, kusan jin (ƙwayoyin gado) 6,000 a kan kuromosom 16. Yoshinori Ohsumi na Japan da yis ya gano yadda ƙwayar halitta ke narkar da tarkacen cikinta ta sake amfani da shi, ya samu kyautar Nobel a 2016.

Wajen gurɓata kuwa, a 2022 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna cewa busasshen yis, wanda ma ba ya aiki, na kama dalmar da ke narke a ruwa. Giram ɗaya ya kama har miligiram 12 cikin ƙasa da minti biyar, a ruwan da dalmarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba. Bangon ƙwayar ne ke riƙe ta. Kuma kwantar da hankalinki, wanda suke hari shi ne ragowar da masana'antu ke zubarwa, ba na kanti ba.

Bazamfare:
Malam, wannan magana ta taɓa ni. Abin da munka gani a 2010 ba ya mantuwa. Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 sunka rasu saboda gubar dalma. Maza na kawo dutsen zinare gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin, mata na shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Waɗanda sunka rayu ma wasu har yau ba su dawo daidai ba. In da yis na maganin dalma, don me ba a kawo shi ba? Buhu nawa ne?

Injiniyan Ruwa:
Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Amma a nan ne nake so kowa ya buɗe kunne, musamman ɗalibarmu, don nan ake yawan cakuɗa abu biyu.

Mai da rini da maganin ƙwari haɗe-haɗe ne, ana iya wargaza su su koma ruwa da iskar kabon. Dalma kuwa asali ce, ba ta da abin da za ta koma. Babu wata halitta a doron ƙasa da za ta ɓatar da ita. Abin da yis ke yi kamar tsumman goge ɗaki ne: datti ya bar siminti ya koma jikin tsumma, yanzu kuma sai ka san inda za ka kai tsumman. Yis ɗin da ya sha dalma shi ma guba ne, in aka zubar a juji an mayar da ita inda ta fito.

Sannan a duba yawa. A wasu wuraren Zamfara an auna dalma fiye da miligiram 100,000 a kilo ɗaya na ƙasa, alhali mizanin Amurka na wurin wasan yara a lokacin 400 ne. A lissafin miligiram 12 ɗin nan, kilo ɗaya na irin wannan ƙasa zai buƙaci yis sama da kilo 8, kuma ma sai dalmar ta narke a ruwa kafin ya kama ta. Shi ya sa aikin da aka yi shi ne wanda ka gani da idonka: aka kankare saman ƙasar gidaje da fartanya da shebur, aka kai rami na musamman aka binne, aka zubo sabuwa, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ba yara maganin da ke fitar da ita daga jini. Bagega sai a 2013 aka samu yin nata. Yis na iya amfani a ruwan sha mai 'yar dalma kaɗan, a cikin matata da za a iya cirewa. Ga tsakar gida, shebur ne.

Bazamfare:
Haka ne kuwa. Na gamsu, ko da ba daɗi.

Manomin Rani:
Tunda an zo kan ruwa, ni ma ga tawa. Muna noman latas da kabeji da alayyafo a gefen rafin Jakara a Kano, kuma kowa ya san abin da ke gangarowa daga masana'antun Bompai ta rafin Getsi. Wata rana ruwan ja, wata rana shuɗi, wata rana baƙi mai wari. Ganye kam yana yin kyau, har ya fi na rijiya girma. 'Yan jami'a sun sha zuwa su ɗebi ruwa a kwalabe, su yanki ganye, su tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu. Wannan fangas ɗin zai iya tace mana?

Injiniyan Ruwa:
Baba, ruwan nan kaya biyu yake ɗauke da su. Akwai launi da tarkacen da ke ruɓewa, akwai kuma ƙarafa, musamman kuromiyam daga masana'antun jima, irin waɗanda ke Bompai da Sharaɗa da Challawa. Jimar gargajiya da bagaruwa ake yi, ta zamani kuwa da gishirin kuromiyam. Shi yana da fuska biyu: mai lamba uku da ake jima da shi, da mai lamba shida wanda ya fi dafi, ya fi yawo a ruwa, yana kuma jawo sankara. Wasu funfuna da yis na iya mayar da na shida ya koma na uku, wannan ci gaba ne, amma kuromiyam ɗin na nan.

Hanyar da ta fi sauƙi tun a cikin masana'anta take, kafin ruwan jima ya gauraya da sauran. A zuba masa sinadarin magnesiya ko farar ƙasa, kuromiyam ya kwanta, a kwashe a sake jima da shi. Tsohuwar fasaha ce, mai masana'anta ma riba zai ci. In ya riga ya shiga rafi ya haɗu da kwatar gari, aikin ya ninka. Ba ƙarancin bincike ne ya hana ba, rashin mai tsayawa a kan doka ne.

Mai Madubi:
Amma ka bar mana launin, Injiniya. Nan kam fangas na da abin cewa. Trametes versicolor da dangin Pleurotus na kashe launin rini a tanki, an maimaita wannan a ƙasashe da yawa. Gargaɗin kawai shi ne, gushewar launi ba ita ce gushewar dafi ba. Rini dangin azo in ya tsinke a inda ba iska yana iya haifar da wasu sinadarai marasa launi da suka fi shi haɗari. Ruwa ya yi garau a ido, ya fi da muni.

Baba, gaskiya kake da ita kan masu ɗibar ruwa su ɓace. Ko takarda ɗaya da Hausa ya kamata a dawo muku da ita.

To ɗiyata, ga abin da nake ganin zai raba aikinki da waɗanda kika karanta.

Kada ki tsaya a kwalba. Tsamo su a kan Bushnell-Haas, abincin da ake renon masu cin mai a kai a ɗakin gwaji, mataki ne na farko kawai. Ki fita da aikin zuwa bokitai ko ƙananan tuli na ainihin ƙasar gareji, wadda ba a dafa ba, a yanayin zafin garinku.

Ki amsa ƙalubalen Injiniya a cikin tsarin gwajin. Tuli ɗaya a bar shi haka nan. Ɗaya a sa masa garin katako kawai, don shi kansa yana tsotse mai, yana kuma sirka ƙasar, sai a ga kamar man ya ragu. Ɗaya kashin kaji kawai. Ɗaya fangas mai rai. Ɗaya kuma fangas ɗin da kika kashe da zafi, wannan shi zai nuna miki nawa ne aka ci, nawa ne kawai ya manne a jikin zare. Wani kason ma iska ce ke kwashe shi. Yawancin kaso 80 da 90 da kike gani a kundaye, da an cire waɗannan da sun sauko sosai. Kowane kuma ki maimaita shi aƙalla sau uku, ki gauraya ƙasar sosai kafin ki raba, kar abin da ya samu 'yan Washington ya same ki.

Awon nauyin mai kaɗai bai isa ba. In kuɗin GC-MS, na'urar da ke tantance sinadaran da ke cikin man, ya gagara ga duka samfuran, ki kai na farko da na ƙarshe. Sannan ki tambayi tsiro. A 2003 Omoanghe Isikhuemhen da abokan aikinsa sun gwada Pleurotus tuber-regium, naman kazan da ake ci a kudancin ƙasar nan, a kan ƙasar da ɗanyen mai ya ɓata, sannan suka shuka wake a ciki don su ga ko zai tsiro ya girma. Wake mudu ɗaya ya ishe ki, kuma amsar da zai ba ki ko Oga Kanike zai gane ta.

Sunan halittar kuma kar ki dogara da launinta a farantin gwaji da kallon madubi kaɗai. Baƙaƙen Aspergillus sun yi kama da juna ƙwarai, tubingensis ɗin da aka ambata ɗazu sau da yawa niger ake kiransa. Ki tura biyu ko uku mafi ƙwazo a karanta musu sashen kundin halittarsu da ake kira ITS, in da hali a ƙara da wani jin ɗin kamar kalmodulin, don ITS kaɗai ba ya raba su.

'Yar Maikuro:
Malam, Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Tsorona ɗaya: in na yi haka kuma kashin kaji ya doke fangas ɗina fa? Me zan faɗa ranar kare kundi?

Injiniyan Ruwa:
Sai ki faɗi haka, ƙanwata, da alƙalumanki a hannu. Ni wannan kundin zan nema in karanta. Kanikawan garin nan duka sun san inda ake sayar da kashin kaji.

Nas Mai Dare:
Ku yi min uzuri, daga asibiti nake magana. Ban ji wanda ya taɓo lafiyar ita mai aikin ba. Aspergillus fumigatus da flavus suna yawan fitowa daga irin wannan ƙasa, kuma ƙurar irinsu na kama huhu, musamman ga wanda ya taɓa yin tarin fuka ko mai asma ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Fumigatus na sahun farko a jerin fangas 19 masu haɗari da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022. Kar ki buɗe faranti kina shinshinawa, ki sa takunkumi, ki dafa komai kafin ki zubar. Kuma don Allah kar a ɗauki wanda ke sa cuta a yaɗa shi a gareji a tsakiyar unguwa don kawai ya iya cin mai.

Oga Kanike:
To in naman kazan ya fito a kan tulin, yarana za su iya soyawa? Don na san halinsu.

Mai Madubi:
A'a, Oga, ko kusa. Baƙin mai na ɗauke da ƙarafan da suka goge daga injin, naman kaza kuwa gwani ne wajen tara irin su kadmiyam da dalma a jikinsa. Ko dabba kar a ba.

Kafin in tashi, Injiniya, ka nemi inda fangas ya fita daga ɗakin gwaji ya yi aiki a fili. Ga Aflasafe, maganin da ke kare masara da gyaɗa daga gubar funfuna. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tare da ma'aikatar noma ta Amurka suka tace nau'o'in Aspergillus flavus na ƙasar nan waɗanda ba sa yin gubar afalatoksin, suka ɗora su a kan ƙwayar dawa da aka kashe wa tsiro, aka rina ta shuɗi. Manomi ya watsa kilo 10 a hekta, su riga masu gubar kama gona. Gubar da ke cikin masara da gyaɗa na raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye.

Injiniyan Ruwa:
Na san shi, kuma na yarda da shi. Amma duba dalilin da ya sa ya yi aiki. Ɗan gida ne, ba baƙo ba. An ba shi guzurinsa a jikin dawar. Ba a ce ya narkar da gubar da ta riga ta samu ba, hana ta samuwa yake yi. Kuma akwai mai saye a ƙarshe, masu abincin kaji da masu fitar da kaya waje suna neman hatsi mai tsabta. Wa zai biya kuɗin gyaran ƙasar gareji? Oga haya yake yi a filin.

Oga Kanike:
Wallahi kuwa, kuma mai filin ko ƙofa bai taɓa gyara mana ba.

Manomin Rani:
Malam, wannan mai shuɗin, ina da 'yar gonar gyaɗa ta damina a ƙauye. Yaushe ake watsawa, kuma ana binne shi ne kamar taki?

Mai Madubi:
Ba a binnewa, Baba. A saman ƙasa ake watsa shi da hannu, mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure, lokacin da ƙasa ke da lema. Ka gama noma da huɗa kafin nan, don kar fartanya ta rufe shi. Ka tambayi malamin gona na yankinku ranar da ta dace da irin gyaɗarka, don wata ta fi wata saurin fure. Bayan girbi kuma a busar da ita sosai a kan tabarma ko tamfol, ba a kan ƙasa ba, kafin a zuba a buhu.